Dalilin da Ya Sa Nake Huda Jarka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja kwanana har na ga ranar da masu takardun makaranta suke sallama a filin bola suna neman a koya musu aiki.

Ku huɗu ne kuka zo mini ranar Laraba, da fararen kayanku. Tambayarku ta farko ita ce nawa ake sayar da injin niƙa roba. Kafin in amsa, dogon cikinku ya ɗaga wata farar jarka daga tulin da ke bayan rumfa, ya ga huda uku a gindinta, ya ce, "Baba, wa ya ɓata wannan? Ai da an sayar da ita yadda take." Na ce ku je ku dawo. Ba wulaƙanci na yi muku ba. Amsar ce take da tsawo, ni kuma ban iya magana a tsaye ba. Na zauna na rubuta ta da ajami kamar yadda hannuna ya saba, 'yata ta mayar muku da ita boko.

Aikin farko da maigidana marigayi Baba Ndako ya ba ni, duro ne cike da ruwa. Mutumin Bida ne, ya fara sana'ar da sayen tsofaffin takalman roba da fasassun bokitai tun kafin ledar ruwa ta cika Minna. Ni kuwa da gemuna na zo masa, bayan idanuna sun fara gajiya da ɗinkin hula. Wata biyu bai bar ni na taɓa inji ba. Sai ya zube buhun tarkace a gabana, ya ɗauki guntu ɗaya.

"Isa, wannan fa?"

"Roba ce, Baba."

"Ni ma na san ba nama ba ne. Wace iri?"

Sai ya jefa ta cikin duro. A nan na koyi cewa jikin gorar ruwa nutsewa yake yi, murfinta kuma ya taso sama, domin ba abu ɗaya ba ne ko da yake tare aka saye su. Robar jarka tana tasowa. Bututun ruwa yana nutsewa kamar dutse. Bayan duro sai kunne: gora tana ƙaras-ƙaras in ka matsa ta, kujera tana tsagewa da ƙara ta bar farin baki, jarka kuwa lanƙwasawa take ba ta ce komai ba. Bayan kunne sai hanci. Ka kunna ashana a gefen guntu. In ya ɗiga yana warin kyandir, ka san gidansu. In ya shaƙe ka har hawaye, bututu ne, ka ware shi nesa. Guntun bututu ɗaya in ya shiga buhunan gora aka niƙa tare, masu narkawa a Kano za su dawo maka da mota guda, su kuma daina ɗaga wayarka.

Injin da kuke tambaya shi ne mafi sauƙi a cikin kayan aikin. Wuƙaƙensa ne kawai ke son wasa a kan kari, da janareta mai haƙuri. Kayan aikin gaske su ne adda ta sara manyan robobi, sikeli mai gaskiya, duro, da idon da ba ya gaggawa.

Abokan cinikinmu iri biyu ne, kuma Baba Ndako ya raba filin biyu saboda su. Akwai kayan inji, waɗanda za a niƙa su tafi a narka, su dawo a matsayin buta ko bokiti ko silifa. Akwai kuma kayan baki, wato gora da jarka masu lafiya da mata ke saye su zuba zoɓo, kunun aya, ko man gyaɗa. Kayan baki sai mai fili da kansa ya duba su. In na duba jarka na yarda da ita, sai in tsoma tsinke a shuɗin fenti in rubuta harafin 'ba' na ajami a gindinta, ƙarami, don kada in sake duba abin da na riga na duba. Ba wanda ya san ma'anar alamar sai ni.

Cikin masu sayen kayan baki, babu kamar Nna Fati. Banufiya ce, tana soya ƙuli-ƙuli a gida, tana sayar da mansa a rumfarta a Kasuwar Kure. Ta girme ni. Tun zamanin Baba Ndako take zuwa, kuma ba ta taɓa tafiya ba ta yi mini tsiya ba.

"Malam Isa, yau ma bola za ka sayar mini da tsadar sabo?"

"Nna, bolar ce ta aurar da 'ya'yanki uku."

"Man gyaɗata ne ya aurar da su. Jarkarka rakiya ta yi."

Ita ce ke yawan ƙorafin wahalar kankare takardar da ke jikin jarka. Don haka, bayan rasuwar Baba Ndako, na kawo wani tsari da na ɗauka wayo ne. Na gaya wa duk masu kawo mini kaya cewa jarkar da aka wanke, aka cire mata takarda tas, ta fi daraja a wurina. Kaya suka riƙa zuwa fes, aiki ya ragu, mata suna yabo. Damina uku ina jin daɗin wannan tsari.

A damina ta huɗu, wata Alhamis da hantsi, Nna Fati ta shigo fili ba sallama. Tana riƙe da farar jarka 'yar lita biyar, da sauran mai kaɗan a ciki. Ta ɗora ta a kan sikeli.

"Shinshina."

Na buɗe. Ƙamshin man gyaɗa ne a sama, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai ɗaci da duk wanda ya taɓa wucewa ta gona bayan feshi ya sani.

Ta ce wani magidanci ne ya sayi man, matarsa ta yi miya, mutum biyar na gidan aka kwasa zuwa asibiti da amai da jiri, har da tsohuwa. Allah ya kiyaye, duk suna numfashi. Amma mai gidan ya dawo kasuwa da jarkar yana ihu, duba-gari ya zo ya kwashe sauran manta, ƙungiyar masu mai ta rufe mata rumfa. Magana ta bazu cewa tana haɗa mai da wani abu don ya yi auki. Ranar Litinin za a zauna. In ba ta nuna ta inda gubar ta shigo ba, za a ba wa wata rumfar, kuma ba za ta ƙara sayar da mai a kasuwar ba.

"Da hannuna na soya, da hannuna na matse," in ji ta. "Gyaɗar ma daga gonar ƙanena take. Ban san me zan ce musu ba. Kai ka san roba. Duba mini."

Ba ta zarge ni ba, domin ba a wurina kaɗai take sayen jarka ba. Na juya jarkar kamar mai duba tsaga. A gindinta ga shuɗin harafina, ya ɗan koɗe amma yana nan. Na ce ta bar mini ita zuwa Litinin.

Da ta fita na zauna na duba jarkar yadda ya kamata in duba ta tun farko. A bakinta akwai ragowar farin gwangwanin liƙi, siriri kamar zare. Jikinta ya fi na jarkar man girki kauri. Ta maganin feshi ce. Na kuma tuna makon da ta shigo: mura ta toshe mini hanci, kaya sun yi yawa, na ga fari tas na sa alama. Irin wannan roba tana shan magani a jikinta. Ruwa da sabulu suna wanke sama, amma in aka zuba mai ya kwana biyu, sai man ya jawo abin da ta sha.

Wani abokin sana'a da ke da fili kusa da nawa ya ji labarin, ya leƙo. Ya ce, "Malam, jarka ba ta da uba. Filaye nawa ne a garin nan? Jefa ta a inji, minti ɗaya ta zama gari." Na ce na ji. Na ɗaure ta a bayan babur.

Mutum ɗaya ne ke kawo mini fararen jarkoki irin wannan, Yohanna, manomin doya a Garatu. Duk sanda ya kawo doya kasuwa sai ya biyo da buhun robobin ƙauyensu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi a bakin gonarsa yana gyara injin feshi na goyo.

"Malam! Yau bola ce ta biyo ni har gida?"

Na miƙa masa jarkar. Ya juya ta, ya yi dariya, ya ce tasa ce, har ya nuna mini inda ya kankare takardar da wuƙa. Ya ce da toka da yashi ya wanke ta, ya matsa lemun tsami, ya shanya kwana uku a rana. Da na gaya masa mutum biyar suna asibiti, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna a kan kunyar doya.

"Yohanna, me ya sa ka cire takardar?"

Ya dube ni. "Kai ka ce. Ka ce wadda ba takarda ta fi kuɗi. Da da takardarta nake kawo maka, kana jefawa can wajen inji. Da ka canja magana, ni ma na canja."

Gaskiya ya faɗa. Takardar nan da na sa aka riƙa cirewa, ita ce kaɗai ke faɗin abin da jarka ta taɓa ɗauka. Da bakina na sa aka goge shaidar, sannan na dogara da hancin da mura ke iya toshewa.

Ya ci gaba, ransa a ɓace. "To ina kake so mu kai su? Mai shagon magani ya sayar, ya gama nasa. Motar shara ba ta san hanyar Garatu ba. In na ƙona, hayaƙin ya shiga gida. In na binne, gonata ce. In na yar, mata su tsinta su ɗebi ruwa. Zo ka gani."

Ya kai ni bakin rijiya. Cikin jarkokin da ke layi, na ƙirga da ido na ga fararen nan sun kusa rabi.

Na ce masa Litinin akwai zama, kuma wata tsohuwa za ta rasa rumfarta saboda ni da shi. Ya ce in ya je za a kama shi. Na ce in kamu ne, ni za a fara kamawa, harafina ne a gindin. Ya murza hularsa, sannan ya ce in zo in ɗauke shi da safe, amma ni zan sayi man babur.

Zaman Litinin a ofishin ƙungiya aka yi, ɗaki ɗaya da benci huɗu. Akwai shugabar masu mai, da duba-gari, da magidancin da iyalinsa suka kwanta, da wani mai shagon maganin gona da aka kira ya duba jarkar. Nna Fati tana gefe, ta rufe kai da mayafi. Na tashi na faɗi sunana da inda filina yake, na juya jarkar na nuna alamar, na ce ni na sa, ni na sayar mata, man ba shi da laifi. Yohanna ya faɗi nasa.

Daga nan ɗakin ya kaure. Mai shago ya ce a jikin takarda an rubuta kada a sake amfani da jarkar. Yohanna ya ce da Turanci aka rubuta, ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma bai taɓa jin mai shago ya faɗa da baki ba. Mai shago ya ce shi ɗan kasuwa ne, a tambayi kamfanin da ya yi. Duba-gari ya ce aikinsa cikin gari ne, gona ba hurumin ofishinsu ba ce. Magidancin ya buga benci ya ce, "To uwata da ke kwance, hurumin wa ce?"

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san rabon kowa ba, amma na san nawa. Ta hannuna ta bi ta shiga tukunyarka." Na roƙi gafararsa. Sannan na ari ƙusa da guduma a wurin mai gyaran takalmi da ke ƙofa, na huda gindin jarkar sau uku a gabansu.

Aka mayar wa Nna Fati mabuɗin rumfarta a ranar. Ni kuma duba-gari ya rufe filina wata uku, ya hana ni sayar da kayan baki har sai ya ga canji. Da muka fito na ce, "Nna, ki yafe mini." Ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta, ta ce, "Rumfa ta dawo. Masu saye fa, kai za ka dawo mini da su?" Ta wuce.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mata suka daina zuwa ko bayan an buɗe filin. Masu kawo kaya suka koma wurin maƙwabcina. Nna Fati kuwa, na ji ta koma sayar da mai a kwalba kaɗan-kaɗan, tana zama tun safe har la'asar mutane suna wucewa ta gabanta zuwa rumfar gaba.

Watanni ukun nan ban zauna ba. Na sa maƙeri ya fere mini rodi mai tsini, da mariƙin katako. Na ɗaura shi a babur da ɗan murhun gawayi na zafafa tsininsa, na riƙa zuwa Garatu da ƙauyukan da ke bayanta. Wani malamin gona ya nuna mana yadda ake yi: in magani ya ƙare, a zuba ruwa a jarkar a girgiza a juye cikin injin feshi, sau uku, don ragowar ya tafi gona inda aka nufa da shi. Sannan a huda gindi nan take, a bar takardar a jiki. Yohanna ne ke yi mini tafinta, yana kuma ƙara nasa gishirin.

Ba a karɓe mu da tafi ba. Wata mata a bakin rijiya ta rungume jarkarta ta ce, "Ka huda, in ɗebi ruwa da hularka?" Ta fi ni gaskiya. Mako na gaba na dawo da jarkokin man girki masu ruwan ɗorawa, na riƙa musaya: ki ba ni fara, in ba ki wannan. Kayan bakin da aka hana ni sayarwa a gari, a can suka ƙare. Har yau in na je Garatu, matan suna kirana Malam Mai Huda, yara suna ɓoye bokitan gidansu don tsokana.

Hudaddun jarkokin ba na haɗa su da komai. Buhunsu daban, da jan fenti. Ranar niƙansu daban, da safar hannu da ƙyalle a hanci, a wanke inji bayan an gama, ruwan wankin kuma ba ya shiga kwata. Mutum ɗaya nake sayar wa garinsu, mai yin bututun da ake zura wayar lantarki a cikin bango. Na gaya wa dillalin da ke kai kayana Kano ƙarara cewa wannan buhu ba na buta ba ne, ba na kwano ba ne. Ba zan so wani ya yi alwala da abin da na san asalinsa ba.

Tsarin saye kuma na juya shi. Jarkar da ta zo da takardarta, na karanta ko aka karanta mini na san abin da ta ɗauka, ita ce ke iya zama kayan baki. Wadda ta zo tsirara, ko da tana ƙyalli kamar yau aka yi ta, rodi ne rabonta. Ba na shinshinawa in yanke hukunci. Hancina ya taɓa cin amanata sau ɗaya.

Kun ce a makaranta an gaya muku kamfanin da ya yi roba shi ya kamata ya karɓi abinsa, hukuma kuma ta tilasta masa. Haka ne, kuma duk taron da aka kira mu ina tashi in faɗa, har sun gaji da ganin hannuna a sama. Ku da kuka iya rubuta takarda da Turanci, ku rubuta, kada ku gaji. Amma na zauna a ɗakin nan na ga yadda kowa ke miƙa wa na kusa da shi. Kafin kamfani ya aiko mota, jarkar tana hannun wani. In a hannunka take, taka ce.

Sai da damina biyu ta wuce Nna Fati ta sake taka filina. Da hantsi ne, ina kan wasa wuƙar inji. Ta yi sallama wannan karon. Ba ta zauna ba. Ta zagaya bayan rumfa, ta tsaya a gaban tulin fararen jarkoki, ta ɗaga ɗaya ta kalli rana ta cikin hudar, ta ajiye, ta ɗaga wata. Ta daɗe tana yi.

"Duk kai ka ɓata waɗannan?"

"Ni da Yohanna, Nna."

"Matar gidan nan da suka kwanta ta dawo sayen mai wurina makon jiya," in ji ta. "Da kwanonta ta zo." Ta gyara mayafi. "Goma nake so, na man girki. Da takardarsu. Kada ka wanke mini, ni zan wanke abina."

Na ɗauko mata goma. Ta duba hoton da ke jikin kowace, ta juya gindinsu ta ga harafin.

"Wannan rubutun naka, yanzu na san shi," ta ce. "In na sake ganinsa inda bai kamata ba, ba kasuwa zan kai ka ba. Gidanka zan zo."

"Na yarda."

"Kuma ka rage tsada. Bola ce."

To, kai dogon da ka yi tambaya, ka ji wanda ya ɓata jarkar. In har yanzu kuna son sana'ar, ku zo ranar Asabar da safe da kayan da ba ku jin tausayinsu. Ba za mu kunna inji ba. Yohanna ya aiko da buhu jiya, a ciki akwai wata fara sabuwa fil, ba takarda, ba wari, murfinta lafiya lau, irin wadda kowace mace a kasuwa za ta saya da murna. Na ajiye maka ita. Rodin yana jingine a bakin ƙofa.